Tsakanin Bahaushe da Wayar Hannu: Wa Ya Sake Wa Wani Hali?

Duk wanda ya bi ta kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni a birnin Kano da hantsi, sa'ad da 'yan kasuwa suka gama kafa laimominsu, abin da zai fara cika masa kunne shi ne rurin ƙananan janareto, sa'an nan kiraye-kirayen samari masu tare baƙo suna tambayarsa ko saye zai yi, ko sayarwa, ko gyara.

In ya kutsa ciki zai iske wani saurayi bisa benci, gabansa ɗan teburin da bai fi kamu biyu ba, ƙananan kusoshi a zube cikin murfin gwangwani, ga tsohon burushin goge haƙori, ga ƙarfen narka dalma yana hayaƙi. Ya ɓare wata waya ƙirar ƙasar Sin, ya duƙa a kanta yana neman inda wuta ta yanke.

Mai wayar kuwa, dattijon da ya baro ƙauye tun bayan sallar asuba, yana tsaye a kansa, kuma abin da yake ta nanatawa shi ne a yi hattara kada lambobin da ke ciki su salwanta, domin akwai ta ɗansa da ke neman kuɗi a Legas, da ta dillalin da ke sayar masa da wake a Dawanau, da ta 'yarsa da aka aurar a Maraɗi.

A kan wannan 'yar na'ura ce ake ta kace-nace a yau, a kan mumbari, da majalisun unguwa, da shirye-shiryen rediyo da ake bugo waya. Wani sashe na jama'a ya ce ita ce ta ɓata tarbiyya, ta kashe aure, ta cire kunya daga idon yara. Wani sashen ya ce ba ruwanta, waya tamkar wuƙa ce, mai yanka albasa da mai yanka mutum duk ita suke riƙewa.

A ganina kowanne ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya ya saki saura. Wuƙa ba ta kiran mai ita da tsakar dare, kuma babu wanda ya ƙera ta da nufin a kasa ajiye ta. Amma kuma masu ɗora wa waya dukkan laifi sun mance cewa wayar da ke hannunmu yau, buƙatunmu da al'adunmu ne suka sa aka ƙera ta yadda take. Kafin a yanke hukunci ya kyautu a duba baya, gama ba yau ne baƙuwar na'ura ta fara sauka a ƙasar Hausa ba.

An kawo jirgi domin auduga

Sa'ad da Turawan Ingila suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro, a bakin kogin Kwara, har ta iso Kano a 1911, aka kuma buɗe ta ga ɗaukar kaya a watan Afrilu na 1912, babban maƙasudinsu auduga ne, domin masaƙun Lankasha da ke ƙasarsu suna neman inda za su samu abin saƙa ba tare da dogara ga Amurka ba. Har injin gurzar auduga aka kafa a Zariya saboda wannan buri.

Amma manomin Kano ya yi nasa lissafin. Audugar da ya noma, masaƙan gida da ke ciyar da marinar Ƙofar Mata da ta Kura sun fi Bature saye da daraja. Gyaɗa kuwa tana zama a gona ɗaya da gero, harawarta abincin dabba ce, in farashi ya faɗi ana iya cin ta a gida, in ya tashi a biya haraji da kuɗinta. A daidai wannan zamani kuma masana'antun Turai suna neman mai da za su yi sabulu da man shafa wa burodi.

Fataken goro, waɗanda suka saba da hanyar Gwanja, suka kuma mallaki jari da yaran gida masu amana, su ne suka shiga ƙauyuka suna sayen gyaɗa. Cikin shekara guda abin da Nijeriya ke fitarwa ya tashi daga 'yan dubban tan ƙalilan zuwa kusan tan 20,000 a 1913. Daga cikin waɗannan fatake ne Alhaji Alhassan Ɗantata ya fito, wanda ya rasu a 1955 yana cikin mafi dukiyar mutanen Afirka ta Yamma.

Watau jama'a sun karɓi jirgin, sun ɗora masa kayan da su suka zaɓa. Amma shi ma bai bar su yadda ya same su ba: ayarin raƙuma zuwa Tarabulus ya mutu, goro ya bar bayan jaki ya koma tarago, wuri ya ba kwabo da sule hanya, Sabon Gari ya cika da baƙi daga kudu, kuma arzikin manomin Kazaure ya rataya ga farashin da ake yankewa a wata ƙasa da bai taɓa gani ba.

Akwatin magana

Haka aka yi da rediyo. Wajen 1944 aka fara ja wa mutanen Kano waya zuwa wani akwati da ake kafawa a bango, wanda ba ya kama komai sai abin da hukuma ta ga dama ta watsa, kuma nufinta shi ne ta isar da saƙonta ga talakawa. Wasu malamai na lokacin sun yi ɗari-ɗari da shi, musamman game da karatun Alƙur'ani, suna tsoron kada a saki kalmar Allah a wurin da babu tsarki ko a majalisar da ba a sauraro da ladabi, kuma wannan shakka ba ta jahilci ba ce.

Da rediyo mai batir ya wadatu, sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, sai Bahaushe ya zama mutumin da ke rataya rediyo a kafaɗa ya tafi gona, ya kuma san sunan shugabannin ƙasashen da ba ya iya nuna su a taswira. Masu sauraro suka mai da shirin Zaɓi Sonka dandalin zumunci, suna aika gaisuwa ga mutanen da ba su taɓa haɗuwa da su ba, har suka kafa ƙungiyoyi suna ziyartar juna.

Malamai kuma, bayan shakkar farko, su ne suka fi kowa cin moriyarsa. Tun ƙarshen shekarun 1960 Rediyon Kaduna ya fara watsa tafsirin marigayi Shehu Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello, kuma duk mai nazarin yadda aka kai ga kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 ba zai iya cire rediyo da kaset daga cikin lissafi ba. Shehunan ɗariƙa irin su marigayi Shehu Nasiru Kabara da marigayi Shehu Ɗahiru Bauchi su ma suka isar da nasu karatun ta wannan hanya. Matan kulle, waɗanda da dama daga cikinsu ba su taɓa zama a majalisar tafsiri ba, suka ji shi a tsakar gida suna daka.

Daga 2001

Kafin shekarar 2001 wayar tarho a Nijeriya ta manyan ma'aikata ce da attajirai, domin dukkan layukan da ke aiki a ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, alhali jama'a sun haura miliyan 100. Talaka in yana da saƙo sai ya nemi direban mota a tasha, ko ya sa a rubuta masa wasiƙa, ko ya ɗauki muryarsa a kaset ya ba mai tafiya Makka ya kai wa ɗan'uwansa.

A watan Janairu na wannan shekara hukumar sadarwa ta yi gwanjon lasisi, a watan Agusta kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. Layi kaɗai a lokacin yakan kai naira 20,000 ko fiye, kuma in ka yi magana ta daƙiƙa biyar kuɗin minti cikakke za a cire, har sai da Globacom ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, sauran suka bi dole. A yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150.

Yadda muka tanƙwara ta

Wayoyin farko da suka zo mana an ƙera su ne domin mutumin Turai, mai wutar lantarki dare da rana, mai layi guda da ke kamawa ko'ina, mai karatu da rubutu cikin harshen da ke jikin maɓallan. Ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa bai cika a kan yawancinmu ba, saboda haka jama'a suka shiga dabara.

Rashin kuɗin kira ya haifi filashin, inda yaro zai buga wa ubangidansa sau ɗaya ya kashe, kowa kuma ya san ƙa'idar: na ƙasa ke yi wa na sama, mai hali ne ke kira. Wannan tsohon tsarinmu ne na girma da nauyi, ya sami sabon wurin zama. Rashin wuta ya haifi sana'ar 'yan caji, mai janareto ko farantin sola ya jera wayoyi hamsin a kan katako, kowace da lambarta manne a baya. Tsadar data ta haifi masu tura finafinai da wa'azi da waƙoƙi a mimori, a kan 'yan kuɗi kaɗan.

Wani kamfani na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai suna Transsion, wanda ke yin Tecno da itel da Infinix, ya lura da wannan hali, ya mai da hankalinsa ga Afirka tun wajen 2008. Ya yi waya mai ɗaukar layi biyu, saboda mutum yana buƙatar wanda ke kamawa a gari da wanda ke kamawa a ƙauye. Ya sa batir mai kwanaki, da tocila, da rediyo, da lasifika mai ƙarfi. Ya kuma gyara kyamara yadda za ta fito da fuskar baƙin mutum sarai. Yanzu kusan rabin manyan wayoyin da ake sayarwa a nahiyar nasa ne. Mai tallan da ke zaɓen waya saboda tocilarta bai san ya ba injiniyan Shenzhen umarni ba, amma ya ba shi.

Mafi girman abin da ya faru, a ganina, shi ne saƙon murya, wanda WhatsApp ya shigo da shi a 2013. Kafin nan wanda bai yi boko ba sai ya miƙa wa ɗan makaranta wayarsa ya karanta masa sirrinsa. Daga ranar da aka ce danna ka yi magana, tsohuwa da makiyayi da almajirin da ya iya ajami kaɗai duk suka shiga, kuma suka shiga da cikakkiyar gaisuwarsu, daga ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, har a kai ga abin da ya kawo mutum.

Zauren da aka tsallake

To, ta ina ita kuma ta sake mu? Wurin da ya fi bayyana shi ne gida. Gidan Bahaushe an gina shi ne bisa wata hikima: baƙo ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, a aiko yaro, a shigar da shi zaure, in na kusa ne ya wuce shigifa, cikin gida kuwa sai muharrami. Ginin da kansa shi ke tace wanda zai yi magana da wa. Saurayin da ke neman aure a nan ƙofar gida yake tsayawa zance, a idon unguwa, kuma kafin ya zo sau uku an san ɗan wane ne.

Waya ta soke wannan tsari ba tare da ta rushe ko bulo ɗaya ba. Maigida yana zaune a zaure da carbinsa, yana tsammanin yana tsaron gidansa, alhali baƙi goma suna hira a ɗakin 'yarsa. Iyayen da ke kuka a kan wannan ba ƙarya suke yi ba, kuma alƙalan kotunan shari'a da jami'an Hisba sun saba jin ƙarar aure da ta samo asali daga abin da miji ya gani a wayar matarsa, ko matar ta gani a tasa.

Amma tsallake zauren nan yana da wata fuska da ba a cika faɗa a kan mumbari ba. Matan kulle tun asali 'yan kasuwa ne, suna soya ƙosai da ƙuli-ƙuli, suna ɗinka huluna, suna adashi. Sai dai ba su da ƙafar zuwa kasuwa, don haka 'ya'yansu mata ne ke ɗaukar tire su fita talla. Masu binciken da suka zauna a Kano da ƙauyukan Katsina cikin shekarun 1960 da 1970 sun nuna cewa wannan ciniki na ɓoye babba ne ƙwarai, kuma yana daga cikin dalilan da ke hana yarinya zama a makaranta.

Yau mace tana zaune a ɗakinta za ta ɗora hoton atamfa, ko turaren wuta, ko dambun nama, mai saye a Kaduna ya gani, ya turo kuɗi, ta kira ɗan a daidaita sahun da ta amince da shi ya kai kayan tasha. Shi kansa wannan keken mai ƙafa uku gwamnatin Kano ta kawo shi ne wajen 2005 domin mata su daina hawa acaɓa, da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013 ya zama motar kowa, yanzu kuma ya zama ɗan aiken 'yan kasuwar cikin gida. Talla ba ta ƙare ba, gama mai ƙosan naira hamsin ba ta da abin da za ta yi da intanet. Amma a gidajen da aka samu wannan hanya, uwa ba ta da hujjar hana 'yarta zuwa aji.

Marubutan littattafan soyayya, waɗanda yawancinsu mata ne, su ma sun bar jiran maɗaba'a da dillalan kasuwa, suna sakin labari shafi-shafi a rukunonin WhatsApp, mai son ci gaba ta biya. Sun sami 'yanci da kuɗin hannu, sai dai an rasa edita, an kuma rasa mai cewa wannan bai dace ba, kuma lalle akwai abubuwan da ke yawo a waɗannan rukunoni da ba za a iya karanta su a gaban surukai ba.

Farashin gero a tafin hannu

A kasuwa amfanin ya fi fitowa fili, har an auna shi. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da layin waya ke isa garuruwa ɗaya bayan ɗaya, ta tarar cewa bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari a inda waya ta isa. Dalilin a sarari yake: falken da a da sai ya hau mota ya ɓata yini kafin ya san nawa ake sayar da gero a Damagaram, yanzu kira ɗaya ya ishe shi, sai hatsi ya riƙa tafiya daga inda ya yi araha zuwa inda ake yunwarsa.

Wanda ya yi asara shi ne dillalin da jarinsa duka sanin abin da manomi bai sani ba ne. Wanda ya rage kuwa shi ne dillali mai amana, domin waya tana faɗa maka farashi amma ba ta faɗa maka ko buhun da aka ɗinke tsakuwa ce a ƙasansa.

A farkon 2023, bayan an sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 kuma tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a, mai shayi da mai nama da mai kayan miya suka koyi karɓar kuɗi ta waya cikin 'yan makonni, abin da shekaru goma na wa'azin bankuna bai sa su yi ba. Waɗanda suka sha wuya su ne mutanen karkara, marasa asusu, marasa layi mai ƙarfi, waɗanda suka kai akuya kasuwa suka rasa mai tsabar da zai saya. Wannan ya nuna cewa amfanin na'ura ba ya sauka a kan kowa daidai, yakan fara bin waɗanda dama suke da hali.

Ilimi ba tare da isnadi ba

Abin da ya fi damun malamai na ƙwarai, in ka zauna da su, ya wuce hotunan banza. A al'adar karatunmu ɗalibi yakan durƙusa gaban malami shekara da shekaru, daga Ahalari zuwa Ishmawi, zuwa Iziyya, zuwa Risala, kuma ba littafin kaɗai yake ɗauka ba, har da ladabi, da sanin inda ake yin shiru. In ya yi fatawa ana iya tambayarsa wa ya karantar da shi, shi ma wa ya karantar da shi.

A waya kuwa guntun bidiyo na minti ɗaya, wanda aka yanko daga karatun sa'a biyu, shi ke yawo, an cire abin da ya gabace shi da abin da ya biyo baya. Kuma manhajojin nan an gina su ne su riƙa tura wa mutum abin da ya fi tsayar da ido, domin da tsawon zamansa a kansu ake sayar da talla. Abin da ke tsayar da ido kuwa shi ne raddi, da zagi, da fallasa. Saboda haka mai natsuwa a karatu yakan samu masu kallo ɗari, mai kumfar baki ya samu dubu ɗari, kuma matashin malami da ke son a san shi ya ga hanyar da ke ɓullewa. A nan ne ƙa'idar da fuƙaha'u suka kafa, cewa wasila tana ɗaukar hukuncin abin da aka nufa da ita, take buƙatar ƙarin nazari, gama wannan wasilar tana da nata nufin da masu ita suka dasa mata.

Matasa kuma suna da tasu hujja, kuma ba ta da rauni. Suna cewa ɗan talakan da ba shi da kuɗin littafi yanzu yana da ɗakin karatu a aljihu. Mai jin Hausa a Kumasi ko a Sudan yana bin tafsirin Kano kai tsaye a watan azumi. Kuma shugaban da a da zai danne magana a gidan rediyon gwamnati yanzu ba shi da ikon toshe bakin kowa. Har ila yau suna tuna wa manya cewa giba da annamimanci da ƙage ba a Facebook aka ƙirƙire su ba, a majalisa aka gaje su. Gaskiya ne, sai dai gulmar majalisa takan tsaya a unguwa, wannan kuwa kafin la'asar ta kai Yamai.

Da aka kashe layi a Zamfara

Ba a san yadda waya ta shiga jinin jama'a ba sai a watan Satumba na 2021, sa'ad da hukuma ta ba da umarnin rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Hujjar ita ce 'yan bindiga da waya suke jin motsin sojoji daga bakin masu kai musu rahoto, da ita kuma suke cinikin kuɗin fansa. An taɓa yin irin haka a Borno da Yobe da Adamawa a 2013.

Masu goyon bayan matakin sun ce ya rikita ɓarayin daji na wani lokaci. Mutanen ƙauyuka kuwa suka ce su ma an raba su da hanya guda da suke gargaɗin maƙwabta in an ga babura sun nufo su, ko su kira agaji, ko su ji halin ɗan'uwan da ke asibiti. 'Yan kasuwa suka riƙa hawa mota zuwa wata jiha domin kira ɗaya ko tura kuɗi. Bayan makonni, a wasu wuraren watanni, aka maido da layin, ta'addancin kuma bai ƙare ba, domin tushensa yana cikin rikicin ƙasa da kiwo, da talauci, da zalunci, da makaman da suka yi yawa, abubuwan da suka girmi dogon ƙarfen sadarwa.

Masu gyara da masu ƙira

Akwai abu guda da ya bambanta wannan zamani da na jirgin ƙasa. Manomin 1912 ya zaɓi gyaɗa ya bar auduga da idonsa a buɗe, yana ganin jirgin, yana ganin sikeli. Mai waya a yau ba ya ganin ƙa'idar da ke zaɓar masa abin da zai kalla, kuma waɗanda suka rubuta ta suna Amurka ko Sin, yawancinsu ba su san akwai harshen da ke bambanta ƙ da k ba. Ko da yake Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara tun 2013, har yanzu mafi yawan mutanenmu suna rubutu ba ƙugiya, kuma kalaman tunzura fitina da aka yi da Hausa sukan daɗe suna yawo kafin wani mai jin harshen a kamfanin ya gan su.

Saboda haka nake ganin tanƙwara na'urar da wani ya ƙera, duk da cewa mun ƙware a kai, ba zai wadatar ba, sai an samu 'ya'yanmu a cikin masu ƙirar. Kuma ba daga sama za a faro ba. Dubban samari a kasuwannin waya na Kano da Kaduna da Sakkwato da Damagaram sun riga sun san cikin waya da hannunsu, sun koya a gaban ubangida kamar yadda ake koyon ƙira da jima, sai dai ba su da takardar shaida, ba su da lissafin da zai ɗaga su daga gyara zuwa ƙira.

A Kaduna an fara gwada wata hanya, inda kwalejin kimiyya da fasaha ta garin ta haɗa kai da masu sana'ar kasuwar Panteka domin a auna ƙwarewarsu a ba su shaida. Kano tana da jami'o'i da kwalejojin fasaha, tana kuma da attajiran da za su iya ɗaukar nauyin aji na dare ga masu gyaran waya, a koya musu lissafi da rubuta manhaja cikin Hausa, bayan an tashi daga kasuwa.